Gashin ciwon dajin kai da wuya: abin dubawa kafin a zaɓi na'ura da asibiti

Idan likita ya ce majiyyaci zai buƙaci gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi daga na'ura, saboda ciwon dajin da ya kama bayan hanci, ko harshe, ko maƙogwaro, tambayar da iyali suka fi yi ita ce ina za a je kuma nawa za a kashe. Akwai wata tambayar da ta kamata ta zo kafin waɗannan: wane irin gashi za a yi, kuma me zai bari a jikin mutum bayan an gama? Kai da wuya wuri ne matsattse. A tazarar da ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba ga laka (babbar jijiyar da ke cikin ƙashin wuya da baya), ga jijiyoyin gani da na ji, ga ƙashin muƙamuƙi, ga naman da ke tura abinci zuwa ciki, ga kuma gaɓoɓin da ke samar da yawu, waɗanda manyansu biyu ke gaban kunne, daidai inda ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Ƙarin ciwon dajin da ake son kashewa yana buƙatar kimanin girei 66 zuwa 70 (girei shi ne ma'aunin hasken da nama ya sha), ana ba da shi kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, har makonni shida zuwa bakwai. Laka kuwa ba a son ta wuce girei 45 zuwa 50, gaɓar yawu ta gaban kunne kuma tana soma lalacewa sosai idan abin da ta sha ya haura kimanin 26. Duk bambancin na'urorin yana cikin yadda kowace ke raba wannan haske tsakanin ƙari da maƙwabtansa.

Tsohuwar hanya ita ce na'urar kobalt, wadda ke harba haske daga gefe biyu na fuska, ya ratsa duk abin da ke tsakani. Tana da juriya, ba ta cika damuwa da matsalar lantarki ba, kuma ta warkar da mutane da yawa, don haka ba abar rainawa ba ce inda babu wata. Sai dai ƙarfin sinadarin da ke cikinta yana raguwa da rabi duk bayan shekaru biyar da 'yan watanni, kuma ba ta iya kauce wa gaɓoɓin yawu. Mataki na gaba shi ne gashin da ake tsarawa bisa hoton sikan na CT, a yanka hasken daidai da siffar ƙarin. Wannan ya fi kyau, kuma ga ƙaramin ƙari a kan igiyoyin murya yakan wadatar, amma idan ƙarin ya lanƙwaso ya kewaye laka kamar ƙoƙo, dabarar ba ta iya bin lanƙwasar.

Nan ne hanyar da ake kira IMRT ta shigo. Na'urar tana da siraran ganyayen ƙarfe da ke motsi yayin da haske ke fita, suna ƙara shi a nan, suna rage shi a can, daga kusurwoyi da yawa, ta yadda ƙarin zai sha cikakken kasonsa, gaɓar yawu kuma ta tsira da kaɗan. An gwada wannan a Birtaniya a binciken PARSPORT, wanda aka wallafa a 2011 kan majiyyata 94. Bayan shekara guda, kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gashin da aka saba suna fama da bushewar baki matsakaiciya ko mai tsanani, a ɓangaren IMRT kuwa kashi 38 ne. Bayan shekara biyu tazarar ta ƙaru zuwa 83 da 29. Wanda bai ga mai wannan matsala ba zai iya ɗaukarta ƙarama. Mutum ne da ba ya rabuwa da gorar ruwa, kowace lomar tuwo sai ya bi ta da kurɓi kafin ta wuce, cikin dare ya farka harshensa ya manne a dasashi, haƙoransa kuma su riƙa ruɓewa saboda yawun da ke wanke su ya ƙafe. Sau da yawa wannan hali ba ya gushewa har ƙarshen rayuwa. Daga baya wani binciken na Birtaniya, DARS, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa idan aka tsara IMRT ta kauce wa naman haɗiya, majiyyata sun fi samun sauƙin cin abinci bayan shekara.

VMAT 'yar'uwar IMRT ce, sai dai na'urar tana zagaya kan majiyyaci tana harbawa ba tsayawa, aikin ya ƙare cikin 'yan mintoci. Kariyar da suke bayarwa kusan ɗaya ce, saboda haka ban ga dalilin biyan ƙarin kuɗi mai yawa don sunan kawai ba.

Gashin furoton, wanda ke harba wasu ƙananan ƙwayoyin zarra da ake kira furoton, shi ne wanda aka fi tallatawa, musamman ga masu neman magani a waje. Haskensa yana tafiya zuwa zurfin da aka ƙayyade ya sauke ƙarfinsa ya tsaya, abin da ke bayan ƙarin ba ya shan komai a zo a gani. Akwai cibiyarsa a asibitin Christie da ke Manchesta tun 2018, akwai ta Apollo a Chennai ta Indiya tun 2019, kuma kuɗinsa ya ninka na IMRT. Amfaninsa a bayyane yake ga yara, da ƙarin da ke gindin ƙoƙon kai dab da ƙwaƙwalwa ko jijiyar ido, da wasu daga cikin waɗanda za a sake gasawa karo na biyu. Ga sauran majiyyata, tsarin da Holan ke bi ya fi kwanta mini: a zana tsari biyu a kwamfuta don mutum ɗaya, na furoton da na IMRT, sai idan lissafi ya nuna bambanci mai ma'ana a illolin da ake hasashe sannan a tura shi furoton. Wanda aka nemi ya sayar da gona ko gida don furoton yana da haƙƙin a nuna masa irin wannan kwatanci a kan hoton kansa.

Sunan na'ura dai rabin zance ne. Ita IMRT, saboda tana yanka haske dab da gefen ƙari, kuskuren milimita kaɗan na iya sa a bar ciwon a gasa lafiyayyen wuri. Shi ya sa ake yi wa majiyyaci abin rufe fuska na roba: a ɗumama faifan har ya yi laushi, a shimfiɗa shi daga goshi zuwa kafaɗu, ya sandare da siffar mutum, kullum a ɗaure shi da shi a jikin gado. Mai gemu ya yi shawara da ma'aikatan tun kafin ranar, domin yadda fuskar take a lokacin awo haka ake so ta kasance har ƙarshe. A tambayi asibitin sau nawa suke ɗaukar hoto a kan na'urar kafin su harba, ko suna da masanin lissafin haske da ke tantance tsarin, da kuma abin da suke yi idan majiyyaci ya rame robar ta yi masa yawa, domin a wannan hali akan sake sikan a sake tsari. A kuma nemi likita ya faɗi yawan girei ɗin da gaɓoɓin yawu da laka za su sha. Lambobin suna cikin tsarin, ba sirri ba ne. Wani lokaci amsar za ta kasance cewa ba za a iya kare gaɓar ɓangare ɗaya ba saboda ciwon ya matso kusa da ita, kuma likitan da ya faɗi haka gaskiya ya yi, domin kashe ƙarin ne kan gaba.

Abin da ya fi shafar majiyyatanmu shi ne katsewar magani. Ƙwayoyin ciwon dajin kai da wuya suna ƙara saurin hayayyafa bayan makonnin farko na gashi, don haka kowace ranar da aka tsallake tana rage damar warkewa. A Najeriya akwai na'urorin zamani a wurare kamar cibiyar NSIA (hukumar zuba jari ta gwamnatin Najeriya) da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wadda aka buɗe a 2019, da Asibitin Ƙasa na Abuja, Nijar kuma ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai a 2021, amma cibiyoyin sun yi kaɗan ga yawan jama'a, layi yana da tsawo, na'ura kuma takan lalace. Kafin a biya kuɗi a tambayi na'ura nawa ke aiki a wurin, ina ake kai majiyyata idan ɗaya ta tsaya, kuma mako nawa za a jira kafin a fara. Idan zaɓin ya kasance tsakanin gashi mai matsakaicin inganci da za a fara yanzu a gama ba yankewa, da IMRT da sai bayan wata uku, wannan hukunci ne da za a yanke tare da likita bisa girman ƙarin, kuma ba kullum jiran ne ke da riba ba.

A lissafin kuɗi a sa masauki da abinci na kusan wata biyu ga majiyyaci da mai jinya, da kuɗin kimo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa ta jijiya) idan za a haɗa gashin da maganin sisfilatin, wanda ke buƙatar gwajin ƙoda da na ji. A sa ganin likitan haƙori kafin a fara, domin haƙorin da ya lalace gara a cire shi tun da wuri ramin ya warke. Cire shi bayan gashi na iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi, ciwon da ke da wuyar magani. Mai shan taba kuma ya ajiye ta kafin ranar farko, saboda tana ƙara zafin gyambon baki, tana kuma rage tasirin gashin a kan ƙarin.