Gwajin Student ko na Welch: wanne za ka ɗauka a babi na huɗu?

Duk ɗalibin da ya iso babi na huɗu na kundinsa ya san wannan tsayuwar. Ka gama tattara bayanai, ga lambobi a kwamfuta, ga rukuni biyu: yaran da ke zuwa lesin da waɗanda ba sa zuwa, ko gonakin da aka zuba wa takin gida da waɗanda aka zuba wa na zamani. Matsakaicin wannan ya ɗara na wancan. Saura ka san ko bambancin na gaske ne, ko kuwa dacen waɗanda hannunka ya faɗa a kansu ne kawai. Gwaje-gwajen da ke wannan aiki suna da dama, ni dai tun yanzu zan faɗi nawa: na Welch nake ɗauka.

Kafin komai, tabbatar rukunin biyu ba su da alaƙa da juna. Idan mutanen nan ne dai ka auna kafin horo, ka sake auna su bayan horo, wannan magana ba taka ba ce, akwai gwajin t na awo biyu a kan mutanen nan dai (paired t-test) da aka tanada domin haka.

Wanda kowa ya sani shi ne gwajin t na Student. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, shi ya assasa shi a 1908, ya buga aikin da sunan aro, Student. Gwaji ne mai kyau, amma yana da sharaɗi: ya ɗauka yadda lambobi suka warwatsu a rukuni na farko haka suka warwatsu a na biyu, sai ya haɗa warwatsuwar biyu ya fitar da guda. In yawan mutanen rukunin biyu ya zo ɗaya, ko sharaɗin ya ɗan karye ba a cika ganin ɓarna ba. Tashin hankalin yana inda ƙaramin rukuni ne ya fi warwatsuwa.

A nan maciji ya sare ni. Ranar kare kundina, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe babi na huɗu, ya ɗora bironsa a kan teburin sakamako, ya ce: "Malam, ka dubi lambobin nan biyu kuwa kafin ka yanke hukunci?" Warwatsuwar rukunin biyu yake nufi, ni kuwa ban duba ba. Sai da na sake rubuta babi biyu, domin abin da na gina shawarwarina a kai ya rushe a gaban idona.

Ga yadda abin yake, da lambobin da na daidaita don sauƙin lissafi. Yara 10 masu zuwa lesin, ma'aunin warwatsuwar makinsu (standard deviation, wato yadda makin ke nisa da matsakaici) 12. Yara 40 marasa zuwa, nasu 4. Tazarar matsakaici maki 5. Gwajin Student zai ba ka t (tazarar idan an auna ta da rashin tabbas ɗinta) kusan 2.24, p kusan 0.03 (p ita ce damar ganin tazara irin wannan in babu bambanci na gaske, ƙasa da 0.05 ake ɗauka hujja), ka tashi da murna ka rubuta cewa lesin na da tasiri. Ba wa Welch lambobin nan dai, sai ya ba ka t kusan 1.30, p kusan 0.22. Babu hujja.

Me ya jawo haka? Bernard Welch, a aikin da ya buga a 1947, ya bar kowane rukuni da warwatsuwarsa. Ninka 12 da kanta ka raba da 10, ka samu 14.4. Ninka 4 da kanta ka raba da 40, ka samu 0.4. Kana gani da idonka cewa kusan duk rashin tabbas ɗin daga yara goman nan ya fito, waɗanda makinsu ya yi gabas da yamma. Shi kuwa Student, da ya gauraya su, sai yara arba'in masu natsattsen maki suka rinjayi lissafin, suka lulluɓe rawar da goman ke yi. Abin da ya fi burge ni da Welch shi ne ba ya cin kuɗi da yawa: in ma warwatsuwar ta zo daidai, amsarsa da ta Student kusan ɗaya ce. In ta bambanta, shi ne zai cece ka. Shi ya sa manhajar lissafin bayanai ta R ta mai da shi zaɓinta na farko. A SPSS, layin ƙasa na teburin shi ne Welch. A Excel, saka 3 a gurbin ƙarshe na T.TEST, ba 2 ba. In ba ka da kuɗin lasisi, jamovi kyauta ce, akwati ɗaya za ka latsa.

Za a ce maka ka fara yin gwajin Levene, in ya nuna warwatsuwa ɗaya ce sai ka bi Student. Ban yarda da wannan hanya ba. A ƙananan samfura, inda aka fi buƙatar gargaɗi, nan ne Levene ya fi kasa hango bambancin.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Gwajin z yana so ka san warwatsuwar al'umma gaba ɗaya, abin da ɗalibi ba ya da shi. Na Mann da Whitney, shi ma na 1947, jera lambobi yake daga ƙarami zuwa babba. Yana da amfani ga abu mai karkata sosai kamar kuɗin shiga, amma ba tambayar matsakaici yake amsawa ba. Rukuni uku ko fiye kuwa, aikin wani gwaji ne mai suna ANOVA.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓin gwaji haɗari: wanda za ka miƙa wa bayananka. A bakin ƙofar manyan makarantu akwai masu shagon kwamfuta da ke cewa kawo babi na huɗu, gobe ka karɓa. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma waɗanda ba su taɓa shigar da lambobinka cikin wata manhaja ba. Na taɓa ganin kundin wata ƙanwata, ta tambayi mutum 50, amma a gurbin da aka rubuta df an sa 118. A gwajin Student, lambar nan jimillar mutanenka ce a cire 2, wato 48 ya kamata a gani. Teburin wani aikin aka kwafo aka canza masa suna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ka fara duba wannan gurbi. Na Welch kuwa yawanci yakan zo da ɗigo, kamar 9.5 a misalinmu, kuma ba ya taɓa wuce na Student.

Akwai masu wayo fiye da haka. Wani zai yi ta goge mutanen da makinsu bai yi masa ba har p ta sauko ƙasa da 0.05. Wani zai ga 0.08, ya juya gwajin daga mai duba ɓangare biyu zuwa mai duba ɓangare ɗaya, ta koma 0.04. Wani zai kwafi layukan bayanai ya liƙa sau biyu don samfurin ya kumbura. Wani zai gwada abu ashirin ya kawo maka wanda ya fito kaɗai. Alhali in ka yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan abin da babu bambancin komai a cikinsa, damar aƙalla ɗaya ya nuna bambanci ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Wanda duk ya tambaye ka "Wane sakamako kake so ya fito?" tun bai ga lambobinka ba, ɗauki takardunka ka fita. Haka wanda ya rubuta maka p daidai da 0.000, manhaja ce ta yanke lambar, abin da ake rubutawa shi ne p ƙasa da 0.001.

In dole sai ka ba wani aikin, zauna kusa da shi. Karɓi fayil ɗin bayanan da na sakamakon a filashinka. Ka sa ya nuna maka yawan kowane rukuni, matsakaicinsa da warwatsuwarsa, kafin a zo kan p. Sannan ka nemi tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakoki biyu da ake sa ran bambancin na gaske yana tsakaninsu. A misalin yaran lesin, Welch ya ce bambancin na iya kasancewa daga kusan maki 3.6 ƙasa zuwa 13.6 sama. Da wannan layi ɗaya yana cikin kundina, da na ga sifili zaune a tsakiyarsa tun kafin malamin nan ya ɗora bironsa.