Bitar hulɗar birane da ƙasashen waje da aka yi mana a Kano, ra'ayina

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan ƙananan hukumomi. Tunda aka gama bitar nan ta hulɗar birane da ƙasashen waje abokan aiki ke ta tambayata wai ta cancanci kuɗin da aka biya ko dai irin wacce aka saba ce, a zo a sa hannu a rajista a karɓi jaka da alawus kowa ya kama gabansa. To bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya. Ni ma'aikacin sashen tsare-tsare ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birni, wani kamfanin horarwa mai zaman kansa ne ya shirya ta a wani otal a nan Kano, ba zan kama sunansa ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata. Ni dai a wajena bitar ta yi amfani sosai, amma akwai wani babban giɓi a cikinta wanda in ba a cike shi ba rabin abin da aka koya mana ba zai yi aiki a Kano ba.

Abu na farko da ya burge ni shi ne babban malamin, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jakadanci, bai ɓata lokaci wajen faranta mana rai ba. Da yawanmu mun shiga da tunanin fasfo da biza da estakod, wato alawus ɗin tafiya ƙasar waje, shi kuwa da tsarin mulkin 1999 ya fara. Ya nuna mana harkokin waje na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kai, haka ma maganar ciwo bashi daga waje, wato ciyaman ba shi da hurumin ƙulla yarjejeniyar da za ta ɗaure Najeriya ko ya je ya ranto dala da sunan ƙaramar hukuma. Abin da za mu iya shi ne takardar fahimtar juna, MOU ɗin nan da muke ji, kuma a kan ayyukan da jadawali na huɗu ya lissafa mana, kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, mayanka, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannun da muke da shi a firamare da kiwon lafiya a matakin farko. Ya ba da shawarar takarda ta bi ta majalisar kansiloli, ta je ma'aikatar ƙananan hukumomi, lauyoyin gwamnati su duba, a kuma sanar da ma'aikatar harkokin waje a Abuja kafin wani ya ɗauki biro. Wani a bayana ya ce "ranka ya daɗe ai kafin a gama wannan zagayen wa'adin ciyaman ya ƙare", dattijon ya ce shi ya sa ake so aikin ya zauna a hannun ma'aikaci, ciyaman ya zo ya tarar da shi ya tafi ya bar shi.

Tarihi bai daɗe a kai ba kuma hakan ya yi min. Coventry ta Ingila da Stalingrad ta Rasha sun ƙulla zumunci a 1944 ana tsakiyar yaƙin duniya, shugaba Eisenhower ya ƙaddamar da shirin tagwaita birane na Amurka a 1956, sai ƙungiyar UCLG ta birane da ƙananan hukumomin duniya da aka kafa a 2004 mai hedikwata a Barcelona, reshenta na Afirka yana Rabat. Ya kuma ambaci C40 ta manyan birane masu aikin sauyin yanayi wacce Legas ke ciki. Iyakarsa kenan aka wuce.

Inda ɗakin ya yi tsit shi ne da ya kawo maganar Kisarazu. Na san da yawanku kun tuna, a watan Agustan 2025 wajen taron TICAD karo na 9, wato taron Japan kan ci gaban Afirka, a Yokohama hukumar JICA ta Japan mai ba ƙasashe tallafin ci gaba ta haɗa birane huɗu na can da ƙasashen Afirka huɗu, Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Ghana, Imabari da Mozambik. Kisarazu ɗin ba haka kawai aka zaɓe ta ba, ita ce ta karɓi baƙuncin 'yan wasan Najeriya lokacin gasar Olamfik ta Tokyo. Abu ne na musayar ziyara da al'adu da horo, amma sai labari ya bazu cewa wai an ba 'yan Najeriya gari guda kuma za a buɗe biza ta musamman, har sanarwar da ta fito daga ɓangaren gwamnatinmu ta ambaci bizar kafin daga baya a gyara. Can Japan mutane suka harzuƙa suka dinga kiran ofisoshin biranen ba dare ba rana, gwamnatinsu ta fito ta musanta, zuwa watan Satumba JICA ta janye shirin baki ɗaya. Shiri mai kyau ya mutu cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki saboda kowane ɓangare ya faɗa wa mutanensa abu daban. Malamin ya sa muka zauna bibbiyu, ɗaya jami'in yaɗa labarai na nan ɗaya na can, mu rubuta sanarwa guda wacce duka biyun suka amince da kowace kalma a ciki kafin ta fita. Wallahi wannan darasin kaɗai ya isa a biya kuɗi, domin mu nan Kano mun san yadda magana take idan ta faɗa gidan rediyo da daddare hannun sojojin baka, ka sa hannu a kan horar da ma'aikatan tsafta biyar gobe ka ji ana cewa ciyaman zai kai matasa dubu Turai, kuma ranar da ba a kai kowa ba kai ma'aikaci za a zo a tsare a sakatariya.

Sai ɓangaren wata Hajiya da ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin ba da tallafi, ita ta koyar da rubuta takardar gabatar da gari da takardar neman haɗin gwiwa, shafi biyu kacal. Rukuninmu ya ɗauki shara da magudanan ruwa. Muka cika takarda da "muna fama da talauci muna neman agaji", ta karanta ta ajiye ta ce to nawa ne yawan sharar da kasuwarku ke fitarwa a rana, rumfuna nawa ne, filin da za a yi aikin na waye kuma ina takardarsa, sannan ku me za ku kawo, ko shi wancan birnin ba abin da zai koya a wajenku? Ta ce birni ba banki ba ne, magajin garin can shi ma sai ya yi wa majalisarsa bayanin me mutanensa za su samu. Daga nan ta nuna mana ƙofofin da ba sai an hau jirgi ba, misali ofishin jakadancin Japan yana da ƙaramin tallafi na ayyukan al'umma kamar ajujuwa da ɗakin shan magani da ruwan sha wanda ƙananan hukumomi ma suna iya nema. Ta kuma yi bayanin wata dokar Faransa ta 2005 da ta ba garuruwansu damar ware har kashi 1 cikin 100 na kuɗin ruwa da tsafta su yi aiki da shi a ƙasashen waje, ta ce yana daga cikin dalilan da suka sa garuruwan ƙasashe masu Faransanci suka riga mu nisa a wannan harkar. Wannan sashen ni a ganina ya kamata a ninka lokacinsa, an matse shi da yamma mutane sun gaji ana ta duba agogo saboda la'asar.

To yanzu ga inda nake da matsala da bitar. Duk abin da aka haska mana a bango magajin gari ne, magajin garin kaza ya gana da magajin garin kaza, birni ɗaya shugaba ɗaya kasafi ɗaya. Kano ba haka take ba. Jihar na da ƙananan hukumomi 44, birnin kansa a rabe yake tsakanin takwas, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowacce da ciyaman ɗinta da kansilolinta. Kuma manyan ayyukan birni ɗin da baƙi ke son magana a kai yawanci a hannun jiha suke, shara akwai REMASAB, tsara gine-gine KNUPDA, zirga-zirgar ababen hawa KAROTA, ruwan famfo hukumar ruwa ta jiha. Ka ɗauki Jakara, daga cikin gari take tasowa ta ratsa yankin ƙananan hukumomi daban-daban kafin ta kai dam ɗin Wasai, in wani birni ya ce zai taimaka a kan ƙazantar da ke bin ta, wa zai sa hannu? Idan baƙo ya ce yana son ganin shugaban birnin Kano wajen wa za a kai shi, gwamna, ko mai martaba, ko ciyamomi takwas? Ko Legas ɗin da ake ba mu misali da ita ai gwamnatin jiha ce ke wakiltarta a C40. Na ɗaga hannu na yi wannan tambayar, amsar da na samu ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ku haɗa kai, aka wuce zuwa shafi na gaba. Gaskiya raina bai so ba, domin nan ne ainihin aikin yake. Ina sa ran a zauna a nuna mana yadda ake kafa kwamitin haɗin gwiwa na takwas ɗin, ko ta ƙarƙashin ALGON, ƙungiyar ƙananan hukumomi, ko ta ma'aikatar ƙananan hukumomi, wa zai riƙe fayil, asusun wa kuɗi zai shiga, yaya za a yi idan ciyamomin ba jam'iyya ɗaya suke ba ko jam'iyya ɗaya amma ba gida ɗaya ba. Kamfanin da zai karɓi kuɗin horarwa a Kano ya kamata ya yi wannan binciken tun kafin ya kama otal.

Abu na biyu, idonsu gaba ɗaya na kan Turai da Amurka da Japan. Ba a ambaci Maraɗi ba ko sau ɗaya, ba Damagaram ba Agadas ba Njamena. Abin ya ba ni takaici ƙwarai. Garin nan tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 da aka kafa kasuwar Kurmi yake hulɗa da na nesa, Al-Maghili ya zo daga arewacin Afirka ya zauna ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki, Larabawan Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa, fatakenmu sun kai Gwanja neman goro. Yau ma hatsin Dawanau har ƙasashen maƙwabta yake tafiya, 'yan Kantin Kwari na hanyar Guangzhou da Dubai ba tare da wata MOU ba. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a 2023, ga hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971. Maraɗi mota ce za ta kai ka, da Hausa za ku yi taron ba tafinta, matsalolinku iri ɗaya ne, kasuwar hatsi da ta dabbobi, allurar rigakafi ga yaran da ke tsallaka iyaka, ambaliya da damina. Kuma duk mun ga abin da ya faru da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, 'yan kasuwa ne suka sha wuya, a irin wannan lokacin ne sanayya tsakanin jami'an gari da gari take da rana ko da manyan sama ba sa ga maciji. Ƙaramar hukumar da ba ta taɓa riƙe haɗin gwiwa da maƙwabcinta ba ban ga yadda za ta riƙe na birnin da ke wata nahiya ba.

Wajen shirye-shirye ba laifi, ɗaki da sanyi, abinci mai kyau kuma a kan lokaci, an ba da hutun sallah yadda ya kamata. Amma takardun duk da Turanci ne mai nauyi, alhali mu za mu koma mu yi wa kansiloli da masu unguwanni da shugabannin kasuwa bayani da Hausa, ko taƙaitawa ta shafi uku da Hausa babu. Akwai laccar da wani zai yi daga waje ta Zoom, netwok ya dinga yankewa har aka haƙura, ba su tanadi wata hanya ba. Samfurin MOU da suka ce za su turo ta WhatsApp ya zo, amma jerin adireshin ƙungiyoyin har yanzu shiru. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne rufewar, kusan awa guda aka ɗauka ana tallata mana "ziyarar ƙaro ilimi" zuwa Dubai da farashinta, bayan malaminsu da bakinsa ya gama gaya mana tafiya ita ce abu na ƙarshe ba na farko ba.

Sai maganar waɗanda ake turowa, wannan kam ba laifin kamfanin ba ne. Manya sun zo buɗewa an ɗauki hoto sun tafi, cikin waɗanda suka zauna akwai masu shirin ritaya da masu muƙamin siyasa da za su tafi tare da ciyaman. Don Allah DPM ɗinmu, wato daraktocin kula da ma'aikata, da shugabannin sassa, in za a sake a tura matasan sashen tsare-tsare da na ci gaban al'umma da na lafiya da jami'in yaɗa labarai, mutum biyu aƙalla daga kowace ƙaramar hukuma saboda canjin wajen aiki, kuma a buɗe fayil na ofis wanda zai zauna a rajistiri ba a wayar mutum ɗaya ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi ake maganar cin gashin kai, duk yadda aiwatarwar ta kasance masu ba da tallafi za su fara tambayarmu kai tsaye ina asusunku ina rahoton odita, gara a samu wanda ya iya amsawa.

In maki ne zan ba su bakwai cikin goma, yawancinsa na dattijon nan da Hajiya ne. Kuɗin ya yi tsada ga mai biya daga aljihunsa, ban ba da shawarar haka ba, amma in ofis zai ɗauki nauyi a je. Kafin a biya dai a nemi jadawalin a rubuce, a tambaye su ko sun saka zama na musamman kan yadda ƙananan hukumomi takwas na birni za su yi aiki tare da hukumomin jiha, da ko za su gayyato wani daga Maraɗi ko Damagaram ya yi magana, in sun ce babu a ce musu su saka tukunna.