Wata guda muna farautar duwatsun sama da ɗalibaina: ra'ayina kan shirin IASC

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a yadda muke koyar da kimiyya a sakandare shi ne duk faratikal ɗin da yaro zai yi, amsarsa tana nan a rubuce a littafi tun kafin a haife shi. Ya ɗaura ɗan ƙarfe a zare ya kaɗa ya ƙirga lokaci, in bai samu 9.8 ba, wato lambar ƙarfin jan ƙasa da ke cikin littafi, ya san abin yi, sai ya goge lambobinsa ya yi ta gyara har su ba da abin da malam yake so. Mu da kanmu muke koya musu haka ba mu sani ba. Shi ya sa na shiga neman wani abu da yaran za su sa hannu a ciki wanda ni kaina ban san amsarsa ba, kuma a nan ne na ci karo da shirin International Astronomical Search Collaboration, a taƙaice IASC, masu shi suna kiransa Aizik.

Wani malamin jami'a ne Dakta Patrick Miller ya kafa shi a 2006 a jami'ar Hardin-Simmons da ke Abilene a jihar Texas ta Amurka, kuma yana cikin ayyukan da NASA ke tallafa wa na saka jama'ar gari cikin bincike. Kyauta ne, ba a biyan komai. Malami ya yi wa tim ɗinsa rajista, a saka ku cikin zangon farauta na kusan wata guda, sai a riƙa turo muku hotunan sama na gaske waɗanda aka ɗauka da madubin hangen nesa na Pan-STARRS da ke kan dutsen Haleakala a tsibirin Maui na jihar Hawai. Faɗin madubin mita 1.8 ne, kyamararsa kuma tana da fiksel biliyan 1.4, kuma shi ne ya fara hango Oumuamua a Oktoban 2017, abu na farko da aka tabbatar ya shigo mana daga wajen iyalin ranarmu. Ranar da na faɗa wa yaran cewa daga wannan madubin hotunansu za su zo, ajin ya yi tsit.

Aikin shi ne neman duwatsun da ke kewaya rana, waɗanda ake ce wa astiroyid, yawancinsu suna tsakanin duniyar Mars da Jupita. Kowane ƙunshi da aka turo hoto huɗu ne na waje ɗaya a sama, an ɗauke su da tazarar mintuna a tsakani. Za ka loda su a wata manhaja mai suna Astrometrica wadda wani ɗan Ostiriya Herbert Raab ya rubuta, ita kuma ta daidaita hotunan da taswirar taurarin da aka riga aka sani, sannan ta riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya da sauri kamar ƙifta ido. Taurari suna nan daram ba sa motsi. Duk ɗigon da ka ga yana rarrafawa, to shi ne abin tuhuma. Da wannan dabarar ta juya hotuna Clyde Tombaugh ya gano Pluto a 1930, shi da faranti na gilashi ya yi, mu da laftof.

Kar wani ya zaci kyawawan hotunan nan masu launi ne da ake gani a intanet. Toka-toka ne cike da ɗigo-ɗigo kamar tsohuwar talabijin da ta rasa tasha, kuma abin da kake nema ya dushe sosai. A ma'aunin hasken taurari, ido zalla yana tsayawa ne a wajen 6, su waɗannan sukan kai 21, kuma duk ƙarin 5 a ma'aunin yana nufin haske ya ragu sau 100, ka ga kenan abin ya fi ƙarfin idonka sau miliyan. Satin farko yaran sun gaji, biyu ma sun daina zuwa, ni kuma ban matsa musu ba don aikin na mai haƙuri ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa nake ganin shirin nan ya cancanci a yaba masa, don wallahi ba ganin dutsen ba ne ya fi burge ni. Ba duk ɗigo mai motsi ne dutse ba, akwai fiksel ɗin kyamara da ya lalace, akwai tartsatsin da ke faɗowa daga sararin samaniya ya bugi kyamarar ya bar tabo a hoto ɗaya, akwai hasken babban tauraro da ya yi ambaliya ya zuba gefe. Don haka akwai sharuɗɗa kafin ka kai rahoto: dole ɗigon ya tafi a miƙe ba karkace ba, da gudu iri ɗaya, haskensa kar ya riƙa hawa da sauka sosai daga hoto zuwa hoto, siffarsa ta zama zagayayya mai haske a tsakiya yana raguwa zuwa gefe, sannan lambar da ke auna ƙarfinsa a kan hayaniyar hoton, wadda ake kira SNR, ta haura 5. Wata rana wani yaro ya ga ɗigo yana tafiya, murna kamar ya tashi sama, har ya fara tunanin sunan da zai raɗa masa, sai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ce a sake dubawa don a hoto na uku ya ɗan kauce daga layi. Suka yi ta musu kusan minti ashirin, kowa yana nuna lambobi a sikirin, ba wanda ya juyo ya tambaye ni don sun san ni ma ban sani ba, daga ƙarshe shi yaron da bakinsa ya ce Malam ba shi ba ne, a cire. Shekara nawa ina koyarwa ban taɓa ganin ɗalibi ya yar da sakamakon da yake so da hannunsa ba saboda hujja ta ƙi ba shi gaskiya, sai ranar. Yaron da ya saba gyara lambobi su ba da 9.8 ne fa.

Akwai kuma ranar da suka samu ɗigo mai kyau wanda ya cika duk sharuɗɗan, muka ɗora masa jerin duwatsun da aka riga aka sani sai ga akwati ya fito daidai kansa da lambarsa, ashe an daɗe da gano shi. Da farko jikinsu ya yi sanyi. Sai wani ya ce to ya aka yi kwamfuta ta san zai kasance a nan a daidai wannan daren? Tambayar nan ita ta kai mu ga dokokin Kepler na yadda duniyoyi ke kewaya rana, muka ɗauki Ceres, mafi girma a cikin duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupita, wanda Giuseppe Piazzi ya gano ranar 1 ga Janairu 1801, nisansa daga rana ya ninka namu sau 2.77, suka ninka lambar a kanta sau uku suka ciro tushenta suka samu shekara 4.6 a matsayin lokacin da yake ɗauka ya kewaya rana, kuma haka yake. Darasin da nake shan wahala kafin ya shiga, ranar su suka roƙa a yi shi.

To amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga. Astrometrica a kan Windows take aiki, waya ba za ta yi ba, kuma tana buƙatar intanet don ta jawo taswirar taurari. Bayanan koyarwa da muka yi amfani da su da Turanci suke, kuma saita manhajar a karon farko yana son nutsuwa, shawarata malami ya zauna shi kaɗai ya gama hotunan gwaji tukuna kafin ya tara yara. Rahoton kuma ana son shi cikin kwanaki kaɗan, ba a ajiye shi sai an samu sarari.

Babban abin da nake son iyaye da malamai su gane shi ne maganar "ɗana ya gano astiroyid". Abin da tim ta aika, in an karɓa, hange ne na farko kawai. Sai an sake ganin dutsen a wasu dararen sannan cibiyar Minor Planet Center da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta ba shi lambar wucin gadi, irin su 2024 YR4, inda harafin farko ke nuna rabin watan da aka gan shi, Y na nufin rabin ƙarshe na Disamba. Daga nan a yi ta bibiyarsa shekaru har a tabbatar da hanyar da yake bi kafin a ba shi lamba ta dindindin, sai a lokacin ne ake maganar raɗa suna, kuma da yawa daga hangen farko ba sa kaiwa ko matakin na biyu. Ana ba yara satifiket, abin farin ciki ne, amma ina roƙon mu daina kumbura shi fiye da yadda yake, don in muka koya wa yaro tantance gaskiya a gaban sikirin sannan muka fita waje muka ƙara gishiri a kan abin da ya yi, mun rushe abin da muka gina.

Sannan tsakani da Allah wannan ba cikakken bincike ba ne. Yaro yana aunawa yana tantancewa yana rubuta rahoto a tsarin da masana ke amfani da shi, amma tambayar ba tasa ba ce, an riga an tsara masa komai. Mai son ɗalibi ya ƙirƙiro tambaya da kansa sai ya duba gasar Beamline for Schools da cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ta fara a 2014, inda tim ɗin 'yan sakandare ke rubuta gwajin da suke son yi, waɗanda suka ci a kai su su yi shi da hannunsu. Akwai kuma Research Science Institute da aka fara a 1984, ana yin sa a jami'ar MIT ta Amurka, sati shida kyauta, sai dai ɗalibai wajen 100 kawai ake ɗauka daga duk duniya. Waɗannan ƙofofi ne masu ƙunci, shi kuwa IASC ba ya tambayar maki nawa yaro ya ci, kuma na fi yarda da shi nesa ba kusa ba a kan shirye-shiryen nan da ake biyan kuɗi masu yawa a intanet a haɗa yaro da wani ya taya shi rubuta takarda don a ƙawata fom ɗin neman jami'a.

Wata uwa ta tambaye ni amfanin ƙirga duwatsun da ba ruwansu da mu. Na ba ta labarin Chelyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairu 2013, dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a sama ba wanda ya ga zuwansa, mutum kusan 1,500 suka ji rauni yawanci daga gilashin tagogi. Na kuma gaya mata a Satumban 2022 kumbon DART na NASA ya je ya daki wani dutse mai suna Dimorphos da gangan har ya rage lokacin da yake ɗauka ya kewaya wani babban dutse da yake zagayawa da kusan rabin awa, wato ana iya kautar da dutse in an gan shi da wuri. Yawancin waɗanda yaranmu ke aunawa suna can nesa ba sa barazana ga kowa, na faɗa mata hakan, amma aikin sa ido ɗin iri ɗaya ne.

Zan sake yin rajista a zango mai zuwa in sha Allahu, kuma wannan karon zan ƙara abin da shirin bai tanada ba. Yarinyar nan da ta ce a sake dubawa ta lura cewa ɗigon ƙarya sun fi yawa a gefen hoto da kusa da manyan taurari, ta tambaye ni ko haka ne ko idonta ne, na ce ban sani ba, ta buɗe littafi ta riƙa rubuta inda kowanne ya fito da lambarsa ta SNR mu gani. Ta riga ta ja layukan teburin.