JPEG ko PNG: wanne za a ɗora a WordPress?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce shafinsa na WordPress, manhajar gina shafin intanet, yana jan ƙafa wajen buɗewa, kuma duk hotunansa PNG ne saboda an gaya masa shi ya fi kyau. Yana tambaya ko ya koma JPEG, wanda shi ma nau'in fayil ɗin hoto ne kamar PNG.

Malam, ka koma, amma ba duka ba. Abin da ke cikin hoton shi zai nuna maka.

JPEG na hoton kyamara ne: fuskoki, taro, kasuwa, kayan sayarwa. Yana rage nauyi ne ta zubar da ƙananan bambancin launi da ido ba ya kamawa. PNG kuwa ba ya zubar da komai, kowane ɗigo yana nan daram. Shi ya sa hoton taron da zai tsaya wajen KB 200 a JPEG sai ka ga ya haura MB 2 a PNG. In goma irinsa suka haɗu a shafi guda, mai karatu da datar waya zai fice kafin ya ga kanun labari.

Inda PNG ya yi zarra shi ne tambari, jadawali da sikirinshot, wato duk abin da ke da rubutu da layuka masu kaifi. JPEG yana barin dishi-dishi a gefen haruffa, sannan ba ya iya barin bayan hoto fanko: tambarin da ka ajiye da shi zai fito da farin akwati kewaye da shi. Kuma duk lokacin da ka gyara JPEG ka sake ajiyewa, inganci na ƙara zubewa, don haka ka adana na asali daban.

Sai dai sau da yawa faɗin hoton ne ke jawo nauyi. Waya tana ɗaukar fiksel (ɗigon hoto) 4000 a faɗi, alhali gurbin rubutu a shafi da wuya ya wuce 800. Tun WordPress 5.3, JPEG ɗin da ya wuce 2560 ana rage shi kai tsaye, amma 2560 ɗin ma ya yi yawa. Kafin ka ɗora, buɗe Squoosh, shafin rage nauyin hoto, a burauza, mayar da faɗi 1200 zuwa 1600, sa inganci tsakanin 75 da 80. Kada ka matse fiye da haka, domin WordPress yana yanka ƙananan kwafi daga hoton da ka ɗora, kuma zai sake matse su a kan inganci 82. Hoton da Facebook zai nuna in an raba labari kuma, yi shi 1200 a faɗi, 630 a tsayi.

Akwai na uku, WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 5.8 a 2021. Yana aikin duka biyun, har da bayan fanko, kuma yawanci ya fi su sauƙin nauyi. In ka ɗora shi amma ƙananan kwafin suka ƙi fitowa, sabar ce, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai, ba ta iya sarrafa shi ba, sai ka tuntuɓi masu hostin ɗinka, wato kamfanin da ke ajiye maka shafin.

Sunan fayil kuma, ka guji ƙ, ɗ da ɓ, don wani lokaci sukan karya adireshin hoto in an yi ƙaura zuwa wata saba. Rubuta kasuwar-kurmi-kano.jpg, ka bar cikakkiyar Hausa ga akwatin Alt Text, inda ake rubuta bayanin hoto.