Rediyo mai sola da hannun juyawa: amfaninta ga matafiyi bayan ambaliya a Kebbi

Irin rediyon nan ce da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, ƙarama mai tocila a gaba, faifan sola a sama, hannun juyawa mai samar da wuta a baya, da ramin USB na cajin waya. Na yi amfani da ita a tafiye-tafiyen damina tsakanin Birnin Kebbi, Argungu da Bagudo, kuma hukuncina shi ne a saye ta don sauraro. Wanda ya saye ta a madadin fawa bank zai ji haushi.

Lissafin a fili yake. Batirin cikinta ƙwaya ɗaya ne, samfurin 18650, kusan 2000mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). Wayoyin yanzu da yawa 5000mAh suke ɗauka, kuma wajen tura wuta daga 3.7V zuwa 5V kusan kashi 30 cikin 100 na salwanta. Ko an tatse ta kaf, abin da zai shiga waya bai wuce kwata da ɗoriya ba, sannan an rasa rediyon. Faifan solar kuwa bai kai tafin hannu ba, ga hadarin Agusta da Satumba yana rufe rana. Aikinsa hana batir mutuwa, ba cika shi ba. A cika ta da wutar gida kafin a fita.

Inda ta biya kuɗinta shi ne labarai. Idan ruwa ya cinye hanya, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa gadoji da gonakin shinkafa a jihar, mai kai wa ƙarfen sabis man dizal ba ya iya isa, sai sabis ya ɗauke. Rediyo ba ruwanta da wannan. A kusa da Birnin Kebbi tana kama Equity FM sarai, amma FM ba ya nisa, ana shiga fadama yake fara shashshaka. Shi ya sa kada a karɓi wadda ba ta da SW, gajeren zango, inda ake samun Sashen Hausa na BBC da asuba da dare. Eriyarta gajera ce. A naɗa mata wayar wuta siririya mai tsawon mita 3, a rataya a reshe, murya za ta fito. A kashe tocilar lokacin sauraro, tana sa ƙara.

Hannun juyawar roba ce haƙoransa. A juya a hankali, minti ɗaya-ɗaya, kada a ba yara. Ramin USB ɗin ma ba ya hana ruwa shiga duk da murfinsa, don haka a ƙulle ta cikin leda biyu kafin a shiga kwale-kwale, kuma kada a bar ta a gaban mota cikin rana, zafi na lalata batirin.

Rediyo za ta faɗa maka gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, da sanarwar hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, amma ba za ta san kwalbatin da ya rufta da safiyar yau ba. Wannan a bakin direbobin tasha da masu jirgin ruwa yake. A haɗa da layi biyu na kamfanoni daban, a mai da waya 2G, a tura tes maimakon kira, lambar gaggawa kuma 112 ce. Masu zuwa Kamba su zaɓi sabis ɗin layinsu da hannu a saitin waya, don waya na tsallakawa sabis ɗin Nijar ta cinye kati.

Lokacin saye a buɗe bayanta. Idan batirin na cirewa ne, a ɗauka tare da na sauyi guda ɗaya. Idan an liƙe shi da dalma, a nemi wata.