Na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ruwa: aikinta madalla, gyaranta ciwon kai

Wajen aiki ba ni da ƙorafi. An yi ta don ta jure zurfin mita 60, ruwan gishiri ba ya rikita ta, tana jin zobe ko kwabo a cikin yashi sarai. Rigimar tana farawa ranar da ta soma ƙara ba gaira ba dalili.

Yawanci laifin wayar faifan ne, wato zagayayyen kan na'urar da ake bi da shi a kan yashi don jin ƙarfe. Robarta tana tsagewa daidai inda ta shiga akwatin da kayan lantarkin na'urar suke ciki, don nan take lanƙwasa kullum, sai ruwa ya bi ta ciki. Abin haushin, an dasa wayar a jikin akwatin, haka ma ta abin sawa a kunne, ba a kwance su. Saboda 'yar waya guda sai an tattara na'urar ɗungurungum an aika wa kamfani. Ka buɗe da kanka, garanti ya tashi. Mai gyaran rediyo zai iya liƙa wayar da dalma, amma ba shi da tukunyar gwada matsi, alhali kowace mita 10 da ka nutse matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya guda. Gyaran da ba a gwada ba, a ƙasan ruwa zai tona kansa.

Sashen kula da masu saye kuwa sai haƙuri. Sai ka aika imel da rasit da lambar na'ura, ka jira lambar izinin mayarwa, kuɗin aikawa daga aljihunka. Makonni su shuɗe shiru. Da sun buɗe suka ga koren tsatsa a kan allon lantarki, amsar ɗaya ce: ruwa ya shiga, sakacin mai ita ne, garanti bai shafe shi ba. Ba hoto, ba bayanin ta ina ya shiga. Maimakon su canja abin da ya ƙone, sai su ce a sayi allo sabo, kuɗin ya tasam ma na sabuwar na'ura. Zoben robar murfin batir ma, ƙanƙanin abu, samunsa a hannunsu aiki ne.

A yi musu adalci, wani lokacin da gaskiyarsu. Ƙwayar yashi ko silin gashi a kan zoben ya isa ya ba ruwa hanya. Man silikon ake shafa masa kaɗan, ba basilin ba, don basilin yana kumbura wasu robobin. Kuma kada a bar na'ura ta gasu cikin mota sannan a tsunduma ta a ruwan sanyi: iskar ciki tana takurewa ta zuƙo ruwa.

Idan ruwan teku ya riga ya shiga, a cire batir nan take, kada a kunna don gwaji, a ɗauki hoton zoben da murfin kafin a aika. Tauraro 4 na ba na'urar, kamfanin kuwa 1.