Kafin ka sayi rauta, duba inda OpenWrt ta dosa

Shagona na buga takardu da cike fom ɗin makarantu yana kusa da Ƙofar Ƙaura, kuma idan aiki ya kankama kwamfutoci biyar ne ke shan intanet daga rauta ɗaya, ban da wayoyin yaran shago. Shi ya sa abokan sana'a ke yawan tambayata wacce za su saya. Ni manhajar da za ta zauna a ciki nake fara zaɓa, sannan in nemo mata akwatin da zai iya ɗaukarta nan da shekara biyar.

Manhajar kuwa OpenWrt ce, buɗaɗɗiyar manhajar da ake zuba wa rauta a madadin ta kamfani, ba na ɓoyewa. Cikin takwarorinta, FreshTomato ta liƙe wa na'urori masu cip ɗin Broadcom. DD-WRT tana nan tun 2005, amma ba ta ba ni sakewar ƙara abin da nake so in cire wanda ba na so. pfSense da OPNsense kwamfuta sukutum suke nema, mai dogaro da batirin sola kuwa ya san abin da hakan ke nufi da asuba. RouterOS ta MikroTik tana da ƙarfi, sai dai rufaffiya ce, kamfanin da ke Latbiya shi kaɗai ke da makullinta.

An fara OpenWrt a 2004, bayan an sa Linksys ya saki lambobin manhajar rautarsa WRT54G saboda da Linux aka gina ta. A 2016 wasu masu aikin suka ɓalle suka kafa LEDE, a 2018 aka sake haɗewa. Abin da ya shafi mai saye shi ne tun daga nan kullum harsashinta ƙara nauyi yake yi. Fitowar 19.07 ita ce ta ƙarshe ga na'urori masu ma'ajiyar MB 4 da RAM MB 32. A 21.02 aka fara komawa sabon tsarin sarrafa kafofin waya da ake kira DSA, aka kuma sa WPA3, sabon tsarin tsaron waifai, a ciki. A 22.03 katangar tsaro ta koma kan sabon tsarin Linux da ake kira nftables. Fitowar 24.10, ta watan Fabrairu 2025, tana kan Linux 6.6. Tun Nuwamba 2024 kuma reshen gwaji ya ajiye opkg, wato abin da ke saukar da ƙananan manhajoji, ya ɗauko apk daga Alpine Linux. Duk wannan gyara ne mai kyau, amma kowane yana cin wuri. Yau masu aikin da kansu suna gargaɗi a kan na'ura mai ma'ajiyar MB 8 da RAM MB 64, suna cewa a nemi aƙalla ma'ajiyar MB 16 da RAM MB 128. Ni ina ganin wannan ma bakin ƙofa ne kawai.

Wadda zuciyata ta kwanta da ita ita ce OpenWrt One, rautar da masu manhajar suka tsara da hannunsu, Banana Pi ta ƙera, aka fara sayarwa a ƙarshen Nuwamba 2024 a kan dala 89 da akwatinta. Daga kowace da aka sayar dala 10 na tafiya asusun aikin da ke hannun Software Freedom Conservancy. Cip ɗinta MediaTek MT7981B ne, RAM gigabayit 1, ma'ajiya MB 256, ga waifai na 6, ga gurbin M.2 idan kana son ƙara wurin ajiya. Ba ta da fanka, don haka ƙurar hunturu ba ta da abin da za ta toshe. Amma abin da ya saye ni wani ɗan makunni ne a jikinta. Tana da ma'ajiya ta biyu, ƙarama, mai ɗauke da manhajar ceto. Idan babbar ta lalace, ka tura makunnin, ta tashi daga ƙaramar, ka sake zuba mata manhaja. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar sabunta rauta zai gane ni. Ya faru da ni wata ranar Laraba, inbata ta yi ƙara ta mutu, fitilar rautar ta tsaya a ja, ga mutum bakwai a kan benci suna jiran fom ɗinsu. Kwana uku na yi ina aiki da datar wayata.

Tana da nata cikas. Kafar kebul ɗin intanet biyu kawai gare ta, ɗaya mai gigabit 2.5, ɗaya mai 1, sai ka haɗa da suwic mai ƙara yawan kafofi. Ba ta da gurbin sim, dole modem ɗinka na MTN ko Airtel ya shiga ta kebul ko ta USB. Kuma odarta za ka yi ka jira. Cikin sauran rautoci, GL.iNet Beryl AX cip ɗinsu ɗaya da OpenWrt One, ba laifi, sai dai da OpenWrt ɗin da kamfanin ya yi wa kwaskwarima take zuwa. Cudy WR3000 ta fi sauƙin kuɗi, ma'ajiyarta MB 16 ce cif. Archer C7 ta yi zamaninta.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Sunan da ke kan kwali ba ya gaya maka abin da ke ciki, ƙaramar lambar da ke kan sitika a ƙasan na'urar ita ce magana. TL-WR841N mai lamba v13 tana da 8 da 64, amma v14 da ta biyo bayanta ta koma 4 da 32, alhali sunan bai canza ba. Xiaomi AX3000T ma akwai mai cip ɗin MediaTek, akwai wadda aka fitar daga baya da na Qualcomm, manhajar wannan ba ta hawa waccan. Juya na'urar, karanta lambar, ka neme ta a jadawalin na'urori na openwrt.org kana tsaye a gaban mai kaya.

Wannan ma ba ya isa. Bara wani mai kaya ya miƙo mini wata a cikin leda yana cewa, "Alhaji, sabuwa ce dal, wallahi jiya aka sauke." Na biya. Da ta ƙi karɓar manhaja na kwance ta, sai ga ƙura ta yi kauri a kan allon, ga tabon dalma inda aka taɓa gyara, sitikar ƙasan kuma an ɗora ta ne a kan wata tsohuwa. Na koma, ya ce, "Ai ka buɗe, Alhaji." Tun daga ranar nake sa farce in ji gefen sitika, in duba kan kusoshi ko sukudireba ya taɓa cinsu, kuma ba na biya sai an kunna a shagon na shiga shafinta na ga RAM da idona. Duba caja ma. Ana musanya ta asali da mara nauyi, rauta ta riƙa mutuwa tana tashi a zafin Afrilu ka ɗauka laifinta ne.

Sai masu cewa sun riga sun zuba maka OpenWrt. Ba ka san me aka cusa a ciki ba, ga lambobin BVN da NIN na mutane suna bi ta kanta kullum. Sauke taka daga shafin asali, ka gwada lambar sha256 da aka rubuta kusa da fayil ɗin, wato lambar da ke tabbatar da cewa ba a taɓa shi ba, ka goge tasu gaba ɗaya, ka sa kalmar sirrinka. Kuma kada ka fara zubawa sai batirin inbatarka ya cika.